Ƙafa uku da kai ɗaya: Abin da ke riƙe babbar kyamara a iskar Khartum

Duk wanda ya taɓa zama a Omdurman ya san iskar da ke busowa daga arewa a watannin sanyi. Da asuba ba ka jin ta. Da hantsi take farawa a hankali, kafin azahar ta koma mai kaɗa jallabiya tana watsa wa mai shayi yashi a kofi. A cikin irin wannan iska na yi asarar fim shida a rana guda, shekaru kaɗan kafin yaƙi, a bakin Nilu kusa da Tabiya, ganuwar ƙasar nan da aka gina a zamanin Khalifa Abdullahi don tare jiragen ruwan Turawa.

Fim shida ba komai ba ne a wurin wanda ya saba danna waya sau ɗari a biki ɗaya. Amma kyamarar da na ɗauko ran nan irin ta da ce, wadda mai hoto ke lulluɓa da baƙin mayafi ya leƙa ta baya. Kowane hoto falle ɗaya na fim yake ci, mai faɗin inci 4 da tsawon inci 5, kuma daga Turai na sa aka sayo mini kwalin. Da aka wanke su, duka shidan suka fito dishi-dishi, kamar an kalli ganuwar ta cikin hawaye. Na ɗora laifin a kan gilashin kyamara, na ɗora a kan maganin wanki, har na fara zargin idona.

Wani dattijo mai gyaran kyamara a kasuwar Omdurman, cikin Hausawan nan da kakanninsu suka yada zango a Sudan a hanyar Makka, shi ya raba gardamar. Ya ɗaga falle ɗaya sama ya duba, bai ko taɓa kyamarar ba, sai ya ce in kawo masa ƙafar da na ɗora ta a kai. Na kawo. Ya kafa ta a ƙofar shago, ya zaro sandar tsakiya sama kamar yadda na gaya masa na yi, ya sa yatsa ɗaya ya ɗan tura samanta. Sai ga kan yana rangaji kamar zangarniyar gero. Na ce, "Baba, ai kamfanin ya rubuta tana ɗaukar kilo takwas." Dariya kawai ya yi, ya ce jaki ma yana ɗaukar buhu biyu, amma ba a yi wa mutum aski a bayansa.

Na tuno wannan labari ne saboda aikin da ke gaban masu hoto a Khartum yanzu. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya ci gine-gine masu yawa, kuma tun da sojoji suka sake karɓe fadar shugaban ƙasa a watan Maris na 2025 mutane ke komawa suna ganin abin da ya saura. Dole wani ya ɗauki hoton bangon da ya tsage da hasumiyar da ta karkace kafin a rushe su ko a shafe su da siminti. Irin wannan hoto, wanda magini ko masanin tarihi zai ɗora ma'auni a kai, a kan ƙafa uku ake ɗaukarsa. Kuma abin da zan faɗa ya shafi wanda ke son ɗaukar Gidan Makama a Kano ko Masallacin Juma'a na Zariya, ko da kyamararsa ta zamani ce.

Kyamarar da ba ta tsayuwa da kanta

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, babbar kyamara allo biyu ce, ɗaya a gaba ɗaya a baya, an haɗa su da baƙar fata mai naɗewa kamar zugazugin maƙera. Allon gaba shi ke riƙe gilashin da ke tara haske. Na baya yana da gilashi mai hazo, inda hoton ke bayyana kai a ƙasa ƙafa a sama. Amfaninta ga mai ɗaukar gini shi ne allunan nan suna motsi daban-daban. Idan ka tsaya a gindin hasumiya ka ɗaga waya sama, za ka ga hasumiyar ta tsuke kamar za ta faɗi ta baya. Da babbar kyamara ba ka ɗaga ta. Kana barin allon baya a tsaye cak daidai da bango, sai ka tura allon gaba sama. Hasumiya ta shigo cikin hoto, layukanta a miƙe.

To, a nan matsalar take. Bayan ka gama saiti a ƙarƙashin mayafi, sai ka rufe gilashin gaba, ka cusa gidan fim a gaban gilashin baya. Daga wannan lokaci ba ka ganin komai. Ka zama makaho. Idan kyamarar ta gusa lokacin da kake cusa gidan fim ɗin, ko lokacin da kake zare murfinsa, ba za ka sani ba sai an wanke.

Sannan ga maganar lokaci. Domin na kusa da na nesa su fito tas a kan fim mai wannan faɗi, sai an tsuke ƙofar haske sosai, zuwa lamba 22 ko 32, wani lokaci 45. A tsakar rana, da fim mai saurin 100 da ƙofa a lamba 32, hoton yana buƙatar kusan kashi ɗaya cikin 30 na daƙiƙa. Da sassafe, ko a gefen ginin da ke inuwa, sai ya kai rabin daƙiƙa ko ɗaya cur. Wanda kuma tsadar fim ta kora ya koma amfani da takardar buga hoto a madadinsa, kamar yadda masu hoton akwati na bakin ofisoshi suka yi shekara da shekaru a ƙasashe da yawa, to shi ko a tsakar rana sai ya jira kusan daƙiƙa guda.

Nawa ne motsin da ke ɓata hoto? Bari mu yi ɗan lissafi. Da gilashi mai tsawon milimita 300, idan kyamara ta juya kashi ɗaya cikin 50 na digiri ɗaya, hoton zai gusa kusan kashi ɗaya cikin 10 na milimita a kan fim. Wannan shi ne kusan iyakar abin da ido ke yafewa a fim na inci 4 da 5. Kashi ɗaya cikin 50 na digiri fa, mai karatu. Babbar mota ta wuce a titin kusa da kai, ƙasa ta ɗan amsa, ka kai nan. Balle iska, wadda ke samun fatar nan mai naɗewa ta hura ta kamar zanen da ake ɗaura wa kwalekwalen Nilu.

Waɗanda suka riga mu kafa ta

Kusan duk tsohon hoton Sudan da muke da shi a kan ƙafar katako aka ɗauke shi. Richard Buchta, ɗan Ostiriya, ya iso Khartum ya bi Farin Nilu kudu, kuma a 1881 ya wallafa hotuna 160 na abin da ya gani. A 1882 Louis Vossion, wakilin Faransa a birnin, ya haɗa kundin hotunan Khartum da mutanenta, shekara uku kafin birnin ya faɗa hannun Mahdi. Ƙubbar Mahdi ta asali da ke Omdurman, wadda igwar Kitchener ta fasa a watan Satumban 1898 aka kuma rushe ta daga baya, a hotunan wancan lokaci kawai ake iya ganinta yau. Wadda ke tsaye yanzu a 1947 aka sake gina ta.

Masu tonon kayan tarihi su suka fi kowa shan wahalar ƙafa. Ayarin James Henry Breasted na Jami'ar Chicago ya bi Nilu tsakanin 1905 da 1907 yana ɗaukar rubuce-rubucen jikin bango a kan faranta na gilashi, daga Abu Simbel har Meroe da Naga. Rubutun da ke can sama ba ya karantuwa idan aka ɗauko shi daga ƙasa a karkace, don haka sai da suka riƙa ɗaura tsani da katakai su hau da kyamarar har ta yi daidai da bango. Ayarin George Reisner kuwa, da ya yi tono a Kerma daga 1913, sannan Jebel Barkal da Nuri da Meroe, Misirawa ne suka riƙe masa kyamara, cikinsu akwai Mohammedani Ibrahim, mutumin garin Ƙuft. Farantan gilashinsu suna ajiye a gidan tarihi na Boston, masana na komawa gare su har gobe, domin wasu abubuwan da ke ciki iska da yashi sun riga sun cinye su a fili.

'Yan ƙasa ma ba a bar su a baya ba. Rashid Mahdi ya shafe shekaru a ɗakin hotonsa na Atbara, garin jirgin ƙasa, yana ɗaukar ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa da amare. Gadalla Gubara ya ɗauki Khartum a hoto da fim tun kafin samun 'yancin kai a 1956, ya kuma kafa Studio Gad. Su biyun a 2008 suka rasu. Wanda ya duba hoton Rashid Mahdi ya ga yadda kowane zare na rawani ya fito, ya san abin da kyamarar ke kai bai motsa ba.

Ƙafafu

Me ya sa uku? Matan Sudan suna girka tukunya a kan duwatsu uku da suke kira ladaya, kamar dai murhunmu. Teburi mai ƙafa huɗu yana ɗingishi idan ƙasa ba ta daidaita ba, mai uku kuwa duk inda ka ajiye shi ya zauna. Sai dai zama daban, ƙarfi daban.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya cire daga ransa shi ne lambar nan ta "tana ɗaukar kilo kaza". Babu wata ƙa'ida guda da kamfanoni suka haɗu a kai wajen auna ta. Kowa da yadda yake lissafinsa. Ko da gaskiya ce, tana gaya maka nauyin da ƙafar za ta ɗauka ba ta durƙushe ba ne, ba ta gaya maka ko za ta yi rawa. Kyamarar katako ta inci 4 da 5 ba ta cika wuce kilo biyu ba, wasu sababbin ma ba su kai ɗaya da rabi ba. Ta ƙarfe mai tafiya a kan sanda, irin Sinar ta ɗakin hoto, tana kai wajen kilo shida, haka ma ta katako mai inci 8 da 10. Amma marar nauyin ma faɗinta bai ragu ba, iska na samunta yadda take samun mai nauyi, har ta fi kaɗa ta. Shi ya sa wanda ya sayi kyamara shafal ya ce ƙafa shafal ta ishe shi, ya yi lissafin dokin rano.

Abin dubawa shi ne kaurin bututun sama na kowace ƙafa da yawan gaɓoɓinta. A ganina, ga inci 4 da 5 kada bututun ya gaza milimita 32, ga inci 8 da 10 kuma a nemi mai kusan 40. Gaɓa uku ta fi huɗu, huɗu ta fi biyar, domin kowace gaɓa wurin lanƙwasa ce, kuma ta ƙarshen kullum ita ce siririya. Sandar tsakiya kuwa, wadda ta ci mini fim shida, ka ɗauka babu ita. Da zarar ka zaro ta, ka mayar da ƙafa uku ƙafa ɗaya ke nan. Idan tsayin ƙafafun kaɗai bai kawo gilashin baya daidai idonka ba, wannan ba taka ba ce, nemi wata.

Sai maganar abin da aka ƙera ta da shi, kuma a nan Khartum take da nata ra'ayi. Alminiyam ya fi araha, ya fi samuwa, kuma idan ya lanƙwashe maƙeri zai iya lallaɓa shi. Amma a watan Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka bar shi rabin awa a rana ba ka iya kama shi da hannu sai da tsumma. Yana kuma daɗewa yana kaɗawa bayan an taɓa shi. Kabon, wanda kamfanin Gitzo ya fara fitar da ƙafar kyamara da shi a 1994, ya fi sauƙin ɗauka, ba ya zafi haka, yana kuma kashe girgiza da wuri. Illarsa biyu: tsada, da kuma cewa idan ya tsage ya tsage ke nan, babu mai ɗinke maka shi a Suƙ Arabi.

Ni dai katako na zaɓa, kuma ban yi nadama ba. Katako yana shanye girgiza, ba ya ƙona hannu, kuma ƙafarsa falle biyu ne ke zamewa a jikin juna da noti mai kunne, babu wani rami da yashi zai shiga ya maƙale. Kamfanin Berlebach na Jamus, da aka kafa a 1898, shekarar yaƙin Karari, har yau da katako yake yin nasa, haka ma Ries na Amurka. Nauyi ne kawai matsalarsa, ka san ka ɗauki kaya.

Ga wanda kuɗinsa bai kai nan ba, akwai hanyar da dattijon nan ya nuna mini: ƙafar 'yan safiyo. Waɗanda ke auna filaye da tituna suna buƙatar abin da ba ya motsi fiye ma da mai hoto, kuma ƙafarsu, ta katako ko ta alminiyam, tana samuwa a duk garin da ake aikin gini, daga Khartum Bahri har Sabon Gari. Abu ɗaya ne zai tare ka. Sukurun samanta mai kaurin inci 5/8 ne, alhali kan kyamara inci 3/8 yake so, kyamarar kanta kuma 3/8 ko 1/4. Mai injin sassaƙa ƙarfe zai yi maka ɗan abin haɗawa a yini ɗaya. Ka dai tabbata ya gane zaren inci ake nufi, kada ya yanka maka na milimita ya ce ai kusan ɗaya ne, domin zai shiga zagaye biyu ya ci zaren kan naka. Na taɓa tunanin kai wa masu sassaƙa jirgin ruwa na Abu Rof su yi mini da itacen sunut, wato bagaruwarmu, amma wanda ya taɓa ɗaga gungumen bagaruwa ya san dalilin da na fasa.

Game da makullin gaɓoɓi: mai murɗawa yana da zare a ciki, kuma ƙurar Khartum ba ta barin zare lafiya, za ka ji yana ƙarar yashi bayan mako biyu. Alherinsa shi ne ana kwance shi da hannu a wanke a mayar. Mai ɗagawa da kunne ya fi sauri, amma yana sassautawa da zafi, sai ka riƙa yawo da ɗan makullin ɗaure shi. Kowanne ka ɗauka, kada ka shafa masa mai da yawa. Mai da ƙura idan suka haɗu, takardar goge katako suke zama.

Kai, inda ake yawan kuskure

Da yawa suna kashe kuɗinsu a ƙafa, su ɗora mata kan da ya zo hannu. Alhali kai shi ne wuya, duk ƙarfin jiki a nan yake ƙarewa.

Ɗauki bokitin ruwa kusa da cinyarka, sannan ka miƙe hannu da shi. Nauyin bai canza ba, amma kafaɗarka ta san bambanci. Haka abin yake idan aka zuge fatar kyamara santimita 40 gaba, da gilashi mai kusan kilo guda a bakinta. Kan da ke ƙasa ba nauyi kawai yake riƙewa ba, murɗa yake sha. Sannan ga turin gidan fim, wanda sai ka buɗe allon baya mai sifirin da ɗan ƙarfi kafin ya shiga.

Kai mai ƙwallo shi ya fi yawa a kasuwa yanzu, shi masu ƙananan kyamarori suka fi so, domin noti ɗaya ka sassauta ka juya duk inda kake so. Wannan sauƙin shi ne aibinsa a nan. Ka gama daidaita hagu da dama, kana so ka ɗan sunkuyar da gaba kaɗan, ka sassauta, komai ya warware lokaci guda, ka koma farko. Kana ƙarƙashin mayafi, gumi na shiga ido, hannu ɗaya na riƙe da madubin dubawa, hoton kuma kai a ƙasa yake, idan ka tura dama sai ya tafi hagu. In ka yi sakaci kyamarar ta kife gaba ɗaya ta daki ƙafa. Akwai manyan masu ƙwallo masu ƙarfi da wasu ƙwararru ke aiki da su lafiya lau, ban ce babu ba. Amma a garin ƙura, ƙwallon nan a buɗe yake, kowace ƙwayar yashi da ta sauka a kansa cikin kwaskon take shiga.

Kai mai hannu uku ya fi dacewa da wannan aiki. Hannu ɗaya na juyawa, ɗaya na sunkuyarwa gaba da baya, ɗaya na karkatawa gefe, kowanne da makullinsa. Ka daidaita ɗaya ka ɗaure, ka koma na gaba. Hannuwan suna kama mayafi, suna kuma tokare ka a ƙirji, amma wannan ƙaramin abu ne. Abin lura shi ne wasu suna ɗan gusawa daidai lokacin da kake ɗaurewa, ka saita hasumiya a tsakiya, ka murɗa, ta koma gefe.

Wannan gusawar ce kai mai haƙori ya zo ya magance. A cikinsa akwai haƙoran ƙarfe masu cin juna, kana murɗa ɗan maɓalli kyamarar na tafiya kaɗan-kaɗan, inda ka tsaya nan ta tsaya, babu ɗaurewa. Ga mai ɗaukar gini, wanda duk aikinsa shi ne allon baya ya tsaya daidai da bango, babu kamarsa. Manfrotto 410 shi ne wanda aka fi sani, an rubuta masa kilo biyar, kuma ya ishi kyamarar katako ta inci 4 da 5. Kada a ɗora masa mai inci 8 da 10. Da daɗewa haƙoran suna ɗan sakin jiki, sai ka ji wani ɗan ƙwal-ƙwal idan ka taɓa. Kafin ka sayi na hannu, abin da za ka fara gwadawa ke nan. Arca-Swiss suna da nasu masu kyan gaske, amma kuɗinsu zai iya fin na kyamarar.

Akwai kuma masu cewa a bar kan gaba ɗaya. Su ɗaura kyamarar kai tsaye a kan faifan ƙafa, ko a kan ɗan kwano mai daidaitawa irin na masu ɗaukar fim, su yi sauran saitin da tsayin ƙafafu da motsin allunan kyamarar. Ga babbar mai inci 8 da 10, wannan ra'ayi yana da hujja, domin duk abin da ka sa tsakanin kyamara da ƙafa ƙarin tsayi ne da ƙarin wurin rawa. Kai gajere mai faffaɗan faifai ya fi dogo mai siririn wuya, ko wane iri ne. Ƙaramin farantin nan na cire-da-sauri mai faɗin akwatin ashana, da roba a samansa, ba na babbar kyamara ba ne. Za ta riƙa juyawa a kansa duk yadda ka ɗaure.

Gwajin da dattijon ya koya mini ba ya buƙatar komai sai kayanka. Kafa ƙafar a tsayin da za ka yi aiki, ɗora kyamarar da gilashinka mafi tsawo, ka saita a kan wani abu mai kaifin layi can nesa, kamar wayar lantarki. Ɗora madubin dubawa a gilashin baya, ka sa yaro ya ɗan ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da yatsa. Ƙirga yadda wayar za ta daɗe tana rawa. Idan ta wuce daƙiƙa biyu, da sauran magana. Sannan cusa gidan fim ka zare, ka sake leƙawa. In wayar ta bar inda ka bar ta, kan ne ba shi da ƙarfi.

Ƙasa da iska

Ƙasar biranen nan uku ba iri ɗaya ba ce. Yammacin Omdurman tsakuwa ce da yashi mai tauri, ƙusar ƙarfen da ke ƙasan ƙafa tana kama shi da kyau. Bakin kogi da tsibirin Tuti laka ce. Bayan ruwa ya janye samanta ya bushe ya tsattsage, ƙasanta kuma da taushi, sai ƙafa ɗaya ta riƙa nutsewa a hankali kana tsaye ba ka sani ba. A nan sai ka taka kowace ƙafa ta shiga har ta tsaya, ka jira, ka sake duba lebul kafin ka ɗauka. A kan tayil ɗin masallaci kuwa roba ake sawa, kuma a nemi izinin masu wurin tukuna.

Ƙafa ɗaya ta kalli inda gilashi ya kalla, domin nan nauyi ya rinjaya, kai kuma ka samu wurin tsayawa tsakanin biyun baya. Jakar da ake ratayawa a tsakiya don ƙarin nauyi tana taimako, amma a iska sai gindinta ya taɓa ƙasa, in ba haka ba lilo za ta riƙa yi tana jan kyamarar. Cire mayafin kafin ka ɗauka. Tsaya ta inda iska ke fitowa ka tare da jikinka ko da lema, amma kada lemar ta taɓa komai. Zare murfin fim, ƙirga biyar, jira iska ta numfasa, sannan ka danna igiyar. Idan kuwa ka hango jan bangon nan na habub ya taso, kamar yadda yake yi daga Mayu zuwa cikin damina, babu ƙafar da za ta cece ka. Naɗe kaya.

Abin da yaƙi ya ƙara

Tun kafin yaƙi, baƙon da ke son ɗaukar hoto a Sudan sai da takardar izini, kuma an hana ɗaukar gadoji da wuraren soja. Ƙafa uku ita ke fara jawo ido, domin mai waya ya ɗauka ya wuce, kai kuwa minti ashirin kana tsaye wuri ɗaya kanka a lulluɓe. Yanzu abin ya fi haka. Daga nesa, baƙin abu mai dogon baki a kan ƙafa uku da mutum a bayansa ba kyamara yake kama da ita ba a idon sojan da ya shekara biyu a fagen daga. A watan Agustan 2003 sojojin Amurka suka harbe Mazen Dana, mai ɗaukar hoto na Reuters, a wajen kurkukun Abu Ghraib na Iraƙi, suka ce sun ɗauki kyamararsa makamin roka ne. Don haka a fara zuwa wurin masu tsaron unguwa, a buɗe musu kayan su gani, su leƙa gilashin su ga titi a kife su yi dariya. Mayafi mai fari a waje da baƙi a ciki ya fi, ga sanyi ga kwanciyar hankali. Katako mai launin itace ma ya fi baƙin kabon kama da kayan aiki.

Na biyu ya fi wannan haɗari. Hukumomin kwance nakiyoyi sun yi ta gargaɗin cewa akwai harsasai da bama-baman da ba su fashe ba a cikin ɓaraguzan Khartum, a gidaje da makarantu da filaye. Duk shawarar da na bayar a sama ta taka ƙusa ta shiga ƙasa, a wurin da aka tabbatar an share ne kawai. A inda ba a share ba, a tsaya kan kwalta, a sa gilashi mai tsawo a ɗauko daga nesa, wanda kuma shi ne ya fi kowanne buƙatar kai mai ƙarfi.

Abin ɗauka yana da yawa. Gidan Tarihi na Ƙasa, da aka buɗe a 1971, an wawushe shi. Gadar Shambat da ta haɗa Omdurman da Bahri ta karye a watan Nuwamban 2023. Dogon benen kamfanin mai na Greater Nile ya ƙone a watan Satumban wannan shekarar. Ga tsohon ginin Kwalejin Gordon da ya zama Jami'ar Khartum, ga Gidan Khalifa, ga ɗaruruwan gidajen jan bulo na tsofaffin unguwanni waɗanda babu wanda ya taɓa ɗaukarsu domin babu wanda ya zaci za su tafi.

Ganuwar Tabiya dai na koma na ɗauke ta bayan mako guda, a kan ƙafar 'yan safiyo da dattijon ya aro mini, da tsohon kai mai hannu uku da ya kwance ya wanke da kananzir. Na isa bayan sallar asuba, na kafa kafin rana ta fito ta bayan Tuti, na gama kafin ƙarfe takwas. Fim biyu na ɗauka, daƙiƙa ɗaya kowanne a lamba 32. A na biyun ana iya ƙirga ramukan harbi da ke jikin ganuwar ɗaya bayan ɗaya, har da sawun akuyar da ta bi ta gindinta da daddare.